Lambobin Wuyan Rommel: A Yaba Masa Ko A Tuhume Shi?

Mutanen Jimeta ba a fim suka san tankar yaƙi ba. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, gidajen Gwadabawa da Luggere da Doubeli suka cika da 'yan'uwa masu gudun hijira, kowa kuma ya ga manyan motocin soja ɗauke da kayan yaƙi suna haye gadar Binuwai, sun nufi Girei da Song da Gombi. Yaran da suka tsaya bakin titi suna kallo a lokacin su ne samarin yau, saboda haka ba abin mamaki ba ne da yawansu suka tashi da sha'awar labarin yaƙi. A wayoyinsu suke bin tarihin janar-janar ɗin Jamus da suka yi suna da tankoki a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila: Guderian da Manstein, sai kuma wanda ya fi su farin jini, Erwin Rommel. Hotonsa ne ya fi yawo, da tabarau na kare ƙura a saman hula, da lambobi biyu rataye a wuya.

Gardamar da kan tashi a teburin mai shayi da majalisun bayan la'asar ita ce: ya dace mutum ya yi wa irin wannan janar kirari saboda jarumtarsa da lambobinsa, alhali Hitila ya yi wa aiki? Tambayar ta wuce hirar kashe lokaci, domin Bajamushe mai kaki ba baƙo ba ne a tarihin Adamawa.

Masu yabo suna da abin faɗa, kuma ba ɗan kaɗan ba. Za su ce maka yabon gwani ya zama dole. Rommel bai gaji sarauta ba, ɗan malamin makaranta ne, kuma lambarsa ta farko mai girma ba daga hannun Hitila ta fito ba. A Oktoban 1917, yana ƙaramin hafsa, ya ja 'yan sojoji kaɗan suka hau duwatsun arewacin Italiya, suka kama dutsen Matajur, suka kuma kame sojojin Italiya kimanin 9,000 cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i. Wannan ne ya jawo masa Pour le Mérite, lambar da ta fi kowace daraja a zamanin Sarkin Jamus. A 1940 aka ba shi runduna ta 7 ta tankoki, ya ratsa Faransa da gudun da ko manyansa sukan kasa sanin inda ya kwana. A Fabrairun 1941 ya sauka Libiya, ranar 21 ga Yunin 1942 kuma ya kama Tobruk tare da fursunoni sama da 30,000, aka ɗaga shi zuwa muƙamin Fil Mashal yana da shekara 50. Ba daga ofis yake ba da umarni ba. A cikin ƙura da zafi yake, kusa da bakin daga, yana cin abin da yaransa ke ci. Wanda ya taɓa sa kaki ya san darajar irin wannan shugaba, kuma a garin da yake da barikin Gibson Jalo, masu wannan sani suna da yawa.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. Maƙiyansa ne da kansu suka yaba masa. Firayim Ministan Ingila, Churchill, ya ambace shi da girmamawa a majalisar Ingila a Janairun 1942, ana tsakiyar yaƙi. Fursunonin Ingila da suka faɗa hannunsa a hamada galibi sun ba da shaidar an kula da su bisa ƙa'ida, an kuma ruwaito cewa bai zartar da umarnin Hitila na kashe kwamandojin da aka kama ba. A ƙarshe ma Hitila ne ya ci shi. Bayan yunƙurin kashe Hitila na ranar 20 ga Yulin 1944, aka zarge shi da sanin shirin. Ranar 14 ga Oktoba janar biyu suka same shi a gidansa kusa da Ulm, suka ba shi zaɓi: ko guba, a rufa wa iyalinsa asiri, ko kotu. Ya ɗauki gubar. Gwamnati ta yi masa jana'izar girma, ta ce wa jama'a raunin da ya samu a Faransa ne ya kashe shi. Har yau akwai barikin sojan Jamus a Augustdorf mai ɗauke da sunansa. To, in ji masu yabo, idan Jamusawan da suka fi kowa ƙyamar Hitila a yau sun bar sunansa a ƙofar bariki, mu su wa?

Suna kuma da misali daga ƙofar gidanmu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani kyaftin ɗin Jamus, Ernst von Raben, ya hau dutsen Mora da 'yan sojojinsa, mafi yawansu baƙar fata, aka kewaye su tun daga 1914. Duk Kamaru ta faɗi, shi bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairun 1916, kuma cikin sharuɗɗan da ya kafa har da a biya sojojinsa albashinsu, a bar su su koma gida. Turawan Ingila suka amince, suka girmama shi. Wannan ai ɗabi'a ce da Bahaushe da Bafillace suka sani: namiji ya kan san namiji ko da a ɗaya gefen fagen fama yake. Tsohon soja kuwa zai ƙara maka da cewa: ɗana, soja ba ya zaɓen yaƙi, inda aka tura shi nan yake zuwa.

Na yarda da rabin wannan magana. Gwaninta gwaninta ce. Babu laifi a koyar da dabarun Rommel a Jaji ko a makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, kamar yadda ake koyar da kurakuransa, don yana da su. Ya kan yi nisa ya bar man fetur da harsashi a baya, manyansa a Berlin sun sha kuka da haka, kuma rashin mai na cikin abin da ya karya shi a El Alamein lokacin da janar ɗin Ingila Montgomery ya afka masa daga ranar 23 ga Oktoban 1942. Mu ma muna da ɗan hannu a wannan karyewa: dubban jiragen yaƙin Ingila da aka harhaɗa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suka bi zuwa Masar.

Amma kirari ba darasin aji ba ne. Kirari shaida ce a kan mutum gaba ɗayansa, kuma nan ne masu tuhuma suka fi ƙarfi.

A fara da lambobin. Lambar yabo kamar takardar shaidar da maigida ke ba yaronsa ce: abin da take faɗa shi ne yaron ya biya wa maigida bukata, ba ta cewa bukatar halal ce. Babbar lambar da ke wuyan Rommel, wato Giciyen Jarumai, Hitila ne ya ƙirƙiro ta a 1939, da tambarin jam'iyyarsa a tsakiyarta. Matakinta mai lu'ulu'u mutum 27 kacal suka samu a duk tsawon yaƙin, Rommel kuma ya karɓi nasa a Maris ɗin 1943. A dubi lokacin da kyau. Ba bayan wata nasara aka ba shi ba. An ba shi ne kwanaki kaɗan bayan ya bar Afirka, rundunarsa tana matse a Tunisiya, wata biyu kafin sojojin Jamus da na Italiya kusan 250,000 su miƙa wuya. Gwamnati na bukatar jama'a su ci gaba da ganin gwarzo, sai ta ƙara masa lu'ulu'u. Ma'aikatar farfagandar Goebbels ce ta riƙa bin sa da kyamara tun daga Faransa, shi kuma yana so. Kafin nan ma, a 1939, lokacin da aka mamaye Poland, shi ne kwamandan dakarun da ke gadin Hitila. Kusancin nan ne ya ba shi rundunar tankoki, shi da ya taso a sojan ƙasa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai kuma abin da ya kamata kowane baƙar fata ya sani kafin ya sa hoton Rommel a fuskar wayarsa. A Yunin 1940, a wani ƙaramin gari na arewacin Faransa mai suna Airaines, wani kyaftin haifaffen Libreville ta Gabon, Charles N'Tchoréré, ya riƙe wurinsa da sojojinsa har harsashi ya ƙare musu. Ranar 7 ga wata suka miƙa wuya. Jamusawa suka fara ware baƙaƙe daga farare. N'Tchoréré ya ce shi hafsa ne, tare da hafsoshi zai tsaya. Nan take aka harbe shi. Masana tarihi da dama sun ɗora wannan kisa a kan sojojin runduna ta 7, wato rundunar Rommel, a kuma kwanakin nan an kashe wasu fursunoni baƙar fata a yankin kogin Somme inda rundunar ta bi. Babu takardar da ta nuna shi ya ba da umarni, wannan gaskiya ce. Amma wanda aka rataya wa lamba saboda abin da yaransa suka ci, yaya za a ce babu ruwansa da abin da suka ɓata? Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa sojojin Jamus sun kashe fursunoni baƙar fata tsakanin 1,500 zuwa 3,000 a wannan bazarar. Daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aka ɗebo su, har da Nijar. Ladabin da aka yi wa fursunan Ingila a hamada bai kai kansu ba. Yau makarantar soja ta Saint-Louis a Senegal sunan N'Tchoréré take ɗauke da shi, amma samari nawa ne a Jimeta suka taɓa jin sunan?

Kuma ko da hannun Rommel ya fita tas, ina yaƙin ya dosa? Da ya ci El Alamein ya shiga Alƙahira, mulkin da ya ɗauki baƙar fata a matsayin ƙasa da mutum ne zai zauna a bakin kogin Nilu. A Tunisiya, inda Jamusawa suka yi wata shida kawai, sai da wani jami'in rundunar SS ta Hitila mai suna Walter Rauff ya tara dubban Yahudawan ƙasar a aikin dole. Abokan aikin Rommel na tankoki kuwa labarinsu ya fi muni. Kotun sojan Ingila a Hamburg ta yanke wa Manstein ɗaurin shekara 18 a 1949 saboda abin da ya faru a yankunan da ya riƙe a Rasha. Hermann Hoth ya samu shekara 15 a Nuremberg. Guderian ya karɓi katafariyar gona daga Hitila a ƙasar Poland da aka ƙwace. Dukkansu ƙirjinsu cike yake da lambobi.

Mu a nan ba ma bukatar zuwa Rasha don mu gane wannan. Ranar 2 ga Satumban 1901 Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita zuwa gabas yana neman tara jama'a. A Garwa, cikin Nuwamba, Jamusawa suka tare shi. A Janairun 1902, a kusa da Marwa, Hans Dominik ya kafa bindiga mai sarrafa kanta a gaban mahaya da dakaru masu mashi da kibiya, ɗaruruwa suka kwanta. A ƙasarsu Dominik gwarzo ne, an ba shi muƙami da lambobi, an sassaƙa masa mutum-mutumi. Mutumin Marwa ko na Yola da aka kashe kakansa ran nan, me wannan lambar take gaya masa? Sai a 1968 ɗaliban jami'a a Hamburg suka tumɓuke mutum-mutumin daga kan dandamalinsa. Jikokin waɗanda suka ɗora shi ne suka sauke shi. In kuma za a yi adalci, ma'aunin bai tsaya kan Bature ba: dawakin Fombina, wato masarautar Adamawa, da muke alfahari da tsayuwarsu a gaban igwa su ne al'ummomin kan duwatsu ke tunawa da hare-haren kamun bayi, kuma a hannun mutanen Lala, kusa da Gudu, Zubairu ya gamu da ajalinsa a 1903. Gwarzon wani gida sau da yawa shi ne abin tsoron gidan maƙwabci, kuma a jihar da take da ƙabilu da yawa kamar tamu, wannan ba abin da za a rufe ido a kai ba ne.

Akwai mutum ɗaya da ke hana ni gaggawar yanke hukunci, shi ne Chari Maigumeri. Ɗan ƙasar Borno ne, ya shiga sojan Jamus a Kamaru yana matashi. Yaƙin 1914 ya same shi a wancan gefe, lokacin da ayarin Ingila ya tashi daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Maclear don kama Garwa, aka fatattake su a ƙarshen Agusta, Maclear ɗin ma ya mutu a wurin. A Afrilun 1915 kwamandan Garwa, von Crailsheim, ya ƙetaro har Gurin, tsohon mazaunin Modibbo Adama, 'yan sojoji kaɗan da ke ganuwar suka hana shi cin ta. Garwa ta faɗi ranar 10 ga Yunin 1915. Labarin da aka adana game da Chari ya ce Jamusawa sun ba shi lambar Giciyen Ƙarfe saboda jarumta, sannan Turawan Ingila suka kama shi a Garwa. A 1917 ya shiga rundunar Najeriya, aka tura shi Afirka ta Gabas ya yaƙi Jamusawan da suka horar da shi. Ya zama samanja, ya yi yaƙin Habasha, ya yi yaƙin ƙasar Bama, Ingila ma ta ba shi nata lambobin, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

To ga mutum ɗaya, ƙirji ɗaya, lambobin maƙiya biyu, dukkansu kuma 'yan mulkin mallaka. Idan aka ce lamba tana ɗaukar laifin mai bayar da ita, Chari ya shiga uku ta ko'ina. Haka ma dubban mazan jiya da suka je Bama. Wanda ya taɓa ganin irin waɗannan tsofaffi, kafin su ƙare, ya san yadda ɗayansu kan buɗe akwatin ƙarfe ana gobe bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ya warware ƙyalle, ya goge lambobin da toka da lemun tsami har su yi ƙyalli, ya maƙala su a kan riga da hannu mai rawa. Hoton Sarkin Ingila ne a jiki, sarkin da ya mallaki ƙasarsa da ƙarfin bindiga. Wa zai iya duban wannan dattijo ya ce masa: Baba, cire, abin kunya ne? Ni dai ba zan iya ba, kuma ba na ganin ya dace. Abin da lambar ke tuna masa shi ne dajin da ya ratsa da abokan da ya binne.

Amma tsakanin Chari da Rommel akwai tazara, kuma tazarar ita ce iko da sani. Yaron da aka ɗauka soja a ƙasar da ba a tambayi ra'ayin kowa ba, ba ya zama a teburin da ake shata yaƙi, ba a nuna masa taswira, ba ya iya cewa a'a ya kwana lafiya. Fil Mashal yana shiga wurin Hitila kai tsaye, yana jin abin da ake faɗa, yana da muryar da za a saurara, kuma sunansa kansa makami ne da gwamnati ke amfani da shi wajen riƙe zukatan jama'a. Maganar tsohon soja cewa inda aka tura ka nan kake zuwa gaskiya ce ga kurtu da kofur. Tana raguwa da kowace igiya da kowane tauraro da aka ƙara a kafaɗa. Rommel ya fara ja da Hitila ne lokacin da ya ga yaƙin ya ɓaci, ba lokacin da ake cin nasara ba, masana kuma har yau suna saɓani a kan iyakar abin da ya sani game da shirin 20 ga Yuli. Mutuwarsa abin tausayi ce, amma ba ta goge shekarun da ya yi yana cikin na gaban goshi ba.

Saboda haka a ganina a karanta shi, a koyi abin koyo, a faɗi jarumtarsa inda ta tabbata, amma kirari da hoto a bango a bar wa wanda aka san me ya tsaya karewa. Ba mu rasa su ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliyar tankoki ta 272, yana cikin waɗanda suka ƙwato Baga a Fabrairun 2015, aka yi masa ƙarin girma na musamman a bakin daga, ya kuma rasu a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016. Tankarsa ta tsaya ne tsakanin talakawa da masu yanka su. Ga kuma maharban da suka bi sojoji da bindigar toka aka ƙwato Mubi a Nuwamban 2014, waɗanda akasarinsu ko takardar godiya ba a rubuta da sunansu ba.

Sai dai ma'aunin da muka auna Bajamushe da shi ba zai yi daraja ba in ya tsaya a kan Bajamushe. Kakin Najeriya ma yana da ranakun da ake tambaya a kansu. A Asaba, cikin Oktoban 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula. A Zariya, cikin Disamban 2015, kwamitin binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya tabbatar da mutuwar mutum sama da 340, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Hafsoshin da suka riƙe rundunoni a irin waɗannan ranaku su ma suna da lambobi, wasu a kan jarumta ta gaskiya a wasu fagagen. Iyalan Asaba da na Zariya suna da haƙƙin yin tambayar da muke yi a madadin N'Tchoréré: wa ke riƙe da rundunar ran nan, me ya sani, me kuma ya yi bayan ya sani.